Rigar da Strahil Ya Sa wa Bango

Ranar da aka liƙa takardar hukumar gari a ƙofar benenmu, ni na fara karanta ta, amma Strahil ne ya fi kowa fahimtar ta. Haka dai ya ce. Takardar ta ce duk wanda ya sa wa bangon gidansa riga, wato ya manna masa allunan farin soson nan daga waje don ɗumi ya daina tsiyayewa titi, za a turo injiniya a duba, in aiki ya yi kyau a mayar masa da rabin abin da ya kashe. Mu a garinmu Ruse wannan ba baƙon abu ba ne. Kowa bangon ɗakinsa kaɗai yake rufewa, ya shafa fentin da ransa ke so, shi ya sa benayenmu suka koma kamar bargon da ya sha faci. Sai ka kira masu igiya, su sauko daga rufi suna lilo, kwana biyu sun gama.

"Masu igiya?" in ji Strahil, yana bubbuga takardar da yatsa. "Yaran nan masu ɗan kunne? In biya su su yi abin da na yi shekara biyu ina yi a soja? Ni da na diro daga jirgin sama sau arba'in da ɗaya!"

Bara sau talatin ya ce. Ni Trifon tare muka yi soja da shi, kuma na rantse wuri mafi tsawo da na ga ya hau shi ne tulin buhunan dankali a bayan kicin. Amma mutum ne da in ka gyara masa magana sai ya ƙara wani jirgin, don haka na ƙyale shi.

Abin da ya sa hankalinsa ya tashi ba takardar ba ce, matarsa ce, Ginka. Gidansu yana hawa na shida a benenmu mai hawa takwas, ɗakin kwanansu kuma yana kallon arewa, inda iskar Kogin Danube ke zuwa ta zauna tun Nuwamba ba ta tashi sai Maris. Shekara talatin da huɗu Ginka tana kwana da kwat da safa biyu. Bana ƙafafunta suka fara ciwo, ta faɗa masa a gaban kowa, ba tare da ɗaga murya ba: "In sanyin bana ya same ni a wannan firji, zan koma wurin 'yata a Varna. In kuwa na tafi, na tafi." Ginka ba ta maimaita magana. Strahil ya yi dariyar yaƙe. Mutumin nan ko inda ake ajiye gishiri a gidansu bai sani ba, kuma duk surutunsa, in ta yi nisa kamar maraya yake komawa.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Bana za ki kwana cikin ɗumi, a ɗakin da na gyara da hannuna. Trifon, ka zama shaida."

Na ce na zama.

Ginka ta shirya tafiya ƙauye wurin yayarta na mako uku, don aikin ɗura kayan kaka a kwalabe. Da yake ta san mijinta da gam, ta rufe tagar ɗakin kwana, ta ja labule, ta kulle ɗakin ta jefa makulli a jaka. Ni na riƙe mata akwati zuwa tasha, don haka da kunnena na ji ta ce masa, "Tattasan da na shanya a tagarmu na mayar da su tagar maƙwabciyarmu Velika, kada ka ɓata mini su da siminti." Shi kuwa a lokacin yana nuna wa direban tasi yadda ake ɗaure igiya a ƙugu. Ya ce, "To, to, a sauka lafiya."

Baba Velika (a wurinmu tsohuwa ake kira Baba) ita ce ke ƙarƙashinsu, a hawa na biyar. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu tuntuni, ƙawar Ginka ce ta ƙut da ƙut, amma ita da Strahil shekara ashirin ba sa ga maciji. Shi yana kakkaɓe mayafin tebur ta taga a kan shanyarta, ita kuma duk lokacin da ya ɗaga murya sai ta ɗauki ludayi ta buga bututun ruwan zafin da ya ratsa gidajensu, ƙwal ƙwal, sau biyu. Duk benen ya san ma'anar bugun nan: rufe mana baki.

Ranar Asabar aka fara. Strahil ya fito da hular kwanon babur, da igiyar da ya aro wurin wani mai kwale-kwale, da kujerar lilo da ya ciro daga filin wasan da aka daina amfani da shi. Zahari mai gyaran takalmi shi aka ɗora wa tsaron igiya a kan rufi. Mu sauran muka cika benci a ƙasa. Mata kuwa suna gefe sun hura wuta, suna juya ƙatuwar tukunyar lutenitsa, miyar tattasai da tumatir da muke ci duk lokacin sanyi.

"Jama'ar ƙasa!" ya ƙwala mana kira daga sama. "Ku buɗe ido ku ga aiki!"

Shi kuwa ya rufe nasa. Zahari ne ya gaya mana daga baya, wai tun da ya zura ƙafa ɗaya a gefen rufi ya runtse ido gam, yana kiran sunan uwarsa a hankali. Haka ya sauko, yana shurin iska, ya wuce hawa na takwas, ya wuce na bakwai, ya wuce tagarsa ta hawa na shida ko kallo bai yi mata ba, har sai da jerin tattasai ya shafi fuskarsa. Nan ya buɗe ido, ya ga jajayen tattasan matarsa, ya ga farin labule mai furanni. To labulen nan kuwa duk matan benen shi suka saya a shago ɗaya a shekara ɗaya, lokacin da babu wani iri a gari.

"Tsaya, Zahari! Na iso gida!"

Kada ku ga wautarsa da yawa. Wa ke ƙirga hawan benensu? Tagogi ɗari iri ɗaya, kowa da abin da ke rataye yake gane tasa. Ni da wandon barcina nake gane tawa.

Na miƙe tsaye na haɗa hannu a baki. "Strahil! Ka tabbata nan ne..."

"Trifon!" ya katse ni. "Shekara talatin kana tuƙa bas a layi ɗaya kamar jakin niƙa, yau kai za ka nuna mini hanyar gidana? Ka zauna kada jiri ya ɗebe ka, kallon sama ba na kowa ba ne!"

Benci ya fashe da dariya. Na buɗe baki zan rama, sai na ji an taka mini ƙafa. Baba Velika ce, ta zauna kusa da ni, ta danna mini yankan banitsa, burodinmu mai cuku, da zafinsa a hannu, cukun ciki har yana naso. Ta ce, "Ci, ɗana. Baki ba ya aiki biyu." Na duba dama, na duba hagu. Kowa a bencin nan ya gane, kuma kowa Strahil ya taɓa koya masa sana'arsa. Na ci banitsa. Laifi ne, na sani, amma da daɗi.

Allon farko da Zahari ya zuro masa, iska ta kama shi. Ashe allon soso a hannun mutumin da ke rataye ba shi da bambanci da filafilan jirgin ruwa. Strahil ya tafi hagu har ya gaisa da tagar maƙwabtan gefe, ya dawo dama, ya juya sau uku kamar kaza a injin gashi. Daga ƙarshe ya saki allon. Muka bi shi da ido ya tsallake titi, ya sauka a hankali a kan rufin bas mai lamba goma sha biyu, ya tafi tashar jirgin ƙasa ba tare da tikiti ba.

"Gwajin iska nake yi!" in ji Strahil. "Haka muke yi kafin mu diro!"

Da ya fara yanka allunan da zarto, sai ƙananan ƙwayoyin soso suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara ta zo da wuri, kuma duk faɗin duniya ba su ga wurin sauka ba sai tukunyar mata. Kai, ranar na ji zagin da ban san matan unguwarmu sun iya ba. Suka ɗauki tukunya da zafinta suka gudu bayan bene, suna tsince farin abu da cokali. Bayan haka takalminsa na hagu ya faɗo. Bayan takalmi, cokalin magini. Bayan cokali, bokitin gam gaba ɗaya, ya kife a kan tsohuwar motar Zahari. Zahari ya leƙo ya gani, ya ɗora hannu biyu a ka, wato ya saki igiya. Strahil ya zurara kamu biyu kafin ƙullin ya riƙe, ya yi wata ƙara da ta tayar da duk tattabarun unguwa.

"Me ya faru, jarumi?" wani ya tambaya daga benci.

"Umarni nake bai wa Zahari! Muryar soja ce!"

Kwana na biyu ba a samu matsalar gane wuri ba, tunda inda ya tsaya jiya nan ya koma. Kuma abin mamaki, hannunsa ya fara faɗawa. Tsoro ya sa shi nutsuwa: ba ya son ya sake saukowa gyara, don haka kowane allo sai ya cika shi da gam, ya huda, ya kafa masa ƙusa bakwai inda masu igiya ke sa biyar. Baba Velika kuwa ta fito da kujerarta da saƙarta, ta zauna daidai ƙarƙashinsa.

"Maƙwabci," ta ce, karo na farko cikin shekara ashirin, "ka ƙara gam a kusurwar hagu ta ƙasa. Ta nan iska ta fi shiga."

"Ke ina kika sani?"

"Ginka ce take yawan kuka da wurin."

"Ai na riga na gani! Idon soja ne da ni!"

"Ƙarƙashin taga ma, ka ninka allon. Can ne kan gado yake."

"Baba, ki yi saƙarki. Hassada ce ke damun ki, bana za ki daskare ke kaɗai, mu muna sama da singileti!"

"Haka Allah ya so," in ji ta, ta sunkuyar da kai kamar mai takaici. Na ga kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa.

Da aka zo fenti, ya ce kore zai shafa, launin kakin soja. Baba Velika ta yi ajiyar zuciya. "Kai dai ka sani. Amma ni Ginka ta sha gaya mini, ita ruwan hoda take mafarki."

"Ruwan hoda? Matata?"

"Shekara talatin da huɗu kuna tare, ba ka san wannan ba? Kaico, 'yar mutane."

Washegari jarumin jirgin sama ya sauko da bokitin ruwan hoda. Ya shafa sau biyu. Tsohuwa ta ce akwai ɗan wuri da bai ji ba, ya shafa na uku. Da ya gama ya sauko ƙasa ya tsaya a tsakiyar fili, fenti har cikin kunnuwansa, ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa. Na ce a raina yanzu zai ƙirga hawan benen. Ina! Tattasai yana nan, ruwan hoda yana nan, sai kawai ya ce, "Trifon, ka taɓa ganin irin wannan ko a babban birni Sofiya?"

Na ce gaskiya ban taɓa gani ba.

Aka sa ranar zuwan injiniya, safiyar wata Talata a tsakiyar Nuwamba, sanyi ya riga ya sauka. An ce masa a kunna ɗumi sosai kafin a zo, don na'ura ta ga bambanci. Strahil ya murɗe duk bututun gidansa har ƙarshe, ya aro hita biyu na lantarki ya ƙara, ya jera su a bakin ƙofar ɗakin da ke kulle. Ya buga wa Ginka waya ta dawo a motar safe. Ya fito da tebur fili, ya shimfiɗa mayafi, ya jera cuku da gasasshen tattasai da kwalbar barasar inabi ta gida. Ya gayyaci benenmu da na gaba. Har lambar yabo ya maƙala a ƙirji, wadda ni na san ta gasar kamun kifi ce.

Injiniyar wata budurwa ce mai gilashi, sunanta Ralitsa, ta zo da kyamara mai ganin zafi. Tana cikin saita ta, tasi ya sauke Ginka ta ɗaya ƙofar. Ta ɗaga mana hannu daga nesa ta ce bari ta kai akwati sama tukuna.

"Ku matso, ku matso!" in ji Strahil. "Yarinya, nuna musu. Kada ki ji kunya, ke ma yau za ki koyi wani abu."

Ralitsa ta ɗaga kyamara, muka yi cincirindo a bayanta. A fuskar na'urar benenmu ya fito da launi-launi. A tsakiya akwai wani murabba'i shuɗi, lumui, ba ko tabo. A samansa kuwa wani ɗaki ja zur, yana ci kamar bakin murhu.

Strahil ya daka tsalle. "Kun gani? Ja! Wancan jan shi ne nawa, ni na kunna hita har biyu! Ɗumi ke nan, jama'a! Ku dubi na ƙasa, shuɗi, tsohuwa ta daskare!"

"Kawu," in ji Ralitsa a hankali, "ja yana nufin ɗumin yana fitowa waje. Mai wancan gidan titi yake ɗumamawa. Shuɗin shi ne mai riga. Kuma gaskiya ban taɓa ganin aiki mai kyau haka ba, ko ɗigon zafi ba ya fita."

"To ai shi nake nufi! Shuɗin ne nawa!"

"Amma yanzu ka ce jan ne naka."

"Duka... wato..." Ya kalli na'ura, ya kalli bene, ya sake kallon na'ura.

Ralitsa ta buɗe takarda. "An rubuta hawa na shida." Ta ɗaga biro ta fara ƙirgawa daga ƙasa, kuma wallahi ba wanda ya ce mu yi, sai ga mutum hamsin suna ƙirgawa tare da ita da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya. "Ɗaya! Biyu! Uku! Huɗu! Biyar!"

Biron ya tsaya a kan ruwan hoda.

Daidai lokacin aka buɗe wata taga a saman fentin, a tsakiyar tsohon siminti mai toka-toka da tsaga. Ginka ta leƙo. Ta dubi bangonta na dama, ta dubi na hagu, ta shafa shi da hannu. Sannan ta sunkuya ta ga ruwan hoda a ƙarƙashinta, da tattasanta suna lilo.

"Strahil," ta kira, muryarta ko rawa ba ta yi, "ina rigar?"

Wayyo, fili ya kece. Zahari ya zauna a ƙasa yana dukan cinya, ya manta da motarsa. Wata mata ta shaƙe da cuku sai da aka bubbuga mata baya. Ita kanta Ralitsa ta ɓoye fuska a bayan takarda. Baba Velika kuwa ta tako a hankali, ta gyara kallabi, ta ce, "'Yata, hawa na biyar, Velika Doncheva. A ina zan sa hannu?"

"Maƙarƙashiya ce!" in ji Strahil. "An matsar mini da alama! A soja harbe mutum ake yi kan wannan! Trifon, kai shaida ne!"

"Ni na yi ƙoƙarin gaya maka," na ce. "Ka ce ni jakin niƙa ne."

Sai muka ji an rufe tagar sama, ƙarap. Dariya ta fara mutuwa da kanta. Strahil ya ƙura wa tagar ido. Fuskarsa ta yi fari. Ya cire lambar kifin ya sa a aljihu, ya nufi ƙofa da gudu. Lif ɗinmu ya lalace kamar kullum, don haka muka bi shi a matakala, ni da rabin benen, muna haki.

Muka tarar da Ginka a bakin ƙofarsu, sanye da kwat, akwatin da ta dawo da shi yana hannunta, ko buɗe shi ba ta yi ba. A ɗaya hannun matashin kanta ne.

"Ginka," ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba. "Varna?"

Ta gyara riƙon akwati. Ta ratsa ta gefensa ta fara sauka. Muka dare mata hanya. Ni dai zuciyata ta karye, don a lokacin na tuna banitsar da na ci. Strahil yana biye da ita yana cewa zai sake, gobe-goben nan zai sake, zai ma kira yaran masu ɗan kunne, shi bai taɓa hawa jirgin sama ba, dankali ya fere, kowa ya ji, dankali!

Ta sauka matakala goma sha takwas, ta tsaya. Ta ajiye akwati a ƙofar Baba Velika. Tsohuwa ta iso tana nishi, ta sa makulli ta buɗe, wani ɗumi mai daɗi ya bugo mu har waje.

Ginka ta juyo ta dubi mijinta. "Me ka yi mini alkawari a gaban Trifon?"

"Cewa... bana za ki kwana cikin ɗumi."

"A ina?"

"A ɗakin da na gyara da hannuna."

"To ka cika," in ji ta, ta miƙa wa Velika matashin. "Ga ɗakin nan. Kai kuma ka koma sama ka kashe hitan mutane. Kwat ɗina na bara yana rataye a bayan ƙofa, zai yi maka. Abin da hukuma za ta bayar, ni da Velika za mu ajiye wa masu igiya, in bazara ta yi. Ranar da hawa na shida ya sa riga, ranar zan hawo."

"Kuma ruwan hodan?" ya tambaya. "Ya yi miki?"

"Na tsani ruwan hoda, Strahil."

"Ni kuwa ina son sa," in ji Baba Velika, ta rufe ƙofa.

Kada ku ɗauka ya daina cika baki. Bayan kwana uku ya dawo benci da kwat ɗin mata mai maɓallan zinariya, yana bayyana mana cewa ɗumi sama yake tashi, don haka mai ilimi daga ƙasa yake fara gyara, kuma injiniyar hukuma da bakinta ta ce babu aiki irin nasa a garin nan. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya sa ya fi ba mu haushi.

Amma kullum in ƙarfe shida na yamma ta yi, duk benen yana jin ludayi a kan bututu, ƙwal ƙwal, sau biyu. Yanzu Ginka ce ke bugawa, kuma ma'anarsa miya ta nuna. Sai ka ji ƙofar hawa na shida ta buɗe da sauri, jarumin jirgin sama ya sauko hawa ɗaya da kwanonsa a hannu, ta matakala, yana riƙe da ƙarfen gefe, idonsa a buɗe tar.